Yadda za ka ci abincin Palermo ka ƙoshi ba tare da ka haɗiyi kitsen alade ba

Mafi yawan 'yan'uwanmu da suka je Italiya, ko kasuwanci ya kai su ko taro ko karatu, sukan dawo da labari iri ɗaya: mako guda cur suna cin burodi da shayi a ɗakin otal, sai in dare ya yi su nemi shagon shawarma na ɗan Pakistan. In ka tambaye su dalili sai su ce tsoron alade. Tsoron yana da tushe, amma asarar ta yi yawa, musamman idan Palermo ka sauka, babban birnin tsibirin Sisiliya, inda ake cin rabin abincin gari a tsaye a bakin titi kamar dai Sabon Gari da yamma. Musulmi sun ci garin da yaƙi a 831, suka riƙe shi har 1072 da Normawa, mayaƙan Kirista 'yan asalin arewacin Faransa, suka karɓe, kuma har yau sawunsu na nan a tukunya: zabibi, za'afaran, riɗi, lemu, sukari. Naman alade a fili ba shi ne matsalarka a nan ba, don ido zai gane shi. Matsalar ita ce kitsensa da aka narke aka cuɗa a ƙullu ko aka yi suya da shi. Ga yadda za ka bi.

Mataki na farko: tun kana gida

Kada ka sa kilishi ko dambun nama a jaka. Dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama da kayan madara daga ƙasashen wajenta, kuma in aka gani a filin jirgi ƙwacewa za a yi, wataƙila har da tara. Abin da zai amfane ka shi ne ɗan ƙullin yaji. Mutanen Palermo ba su cika sa barkono ba, harshen da ya saba da attaruhu zai ji abincinsu salaf a kwana biyun farko. In yajin ya ƙare, sunan barkono mai zafi peperoncino. Ka kula kada ka ce peperoni, wannan tattasai ne.

Ka tanadi ƙananan kuɗi, tsabar Yuro ɗaya da biyu da takardun Yuro biyar. Gidajen abinci na karɓar kati, amma mai suya a baro bai da lokacin na'ura.

Mataki na biyu: haddace kalmomin da za su tsare maka ciki

Nan ne ya kamata ka ɓata lokaci, don duk sauran jagoran a kansa ya dogara. Kalma ta farko ita ce strutto, wato narkakken kitsen alade. Wani zai ce sugna, tsofaffi kuma da yaren tsibirin su ce saimi. Abu ɗaya ne. Alade shi kansa maiale, ana furta shi mayale. Giyar inabi kuma vino.

Tambayar ba ta da wuya, kuma an yi sa'a tana kama da bakin Bahaushe. Ana rubuta ta C'è, ana furta ta "ce", ma'anarta "akwai?". Sai ka nuna abin da yatsa ka ce "Ce strutto?", "Ce mayale?", "Ce vino?". Idan suya ce, ka ce "Olio o strutto?", wato da mai aka soya ko da kitse. In kana son a cire wani abu, senza ita ce "ban da".

Me ya sa sai ka yi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya? Saboda in ka ce ba ka cin alade kawai, mai shago zai duba ya ga babu tsokar alade a ciki ya ce maka bismillah da zuciya ɗaya. A wurinsa kitsen da ke cikin ƙullu mai ne kawai, kamar yadda uwargida ba ta lissafa man gyaɗa a matsayin gyaɗa. Haka kuma da yawa ba sa ɗaukar yankakken naman da aka adana da gishiri a matsayin "nama". Don haka ka rubuta waɗannan sunaye a waya, duk alade ne: prosciutto, ko an ce cotto ko crudo, pancetta, guanciale, salame, salsiccia, mortadella, speck, lardo. Würstel ma galibi shi ne.

Za ka ga gidajen abinci suna liƙa jerin abubuwa 14 da doka ta tilasta a bayyana saboda masu borin jini, irin su gyaɗa, ƙwai, madara da kifi. Kada wannan takarda ta ruɗe ka. Alade ba ya cikin jerin, don haka rashin ganinsa a wurin ba shaida ba ce.

Sai batun yanka. Naman sa da na rago da ke gidajen abincin gari ba yankan Musulmi ba ne. Malamai sun yi magana mai tsawo a kan yankan Ahlul Kitabi, kowa ya san inda ya tsaya, ni ba zan yi maka fatawa ba. Abin da zan ce shi ne ka yanke hukuncinka tun kafin ƙamshi ya daki hancinka. In kana da wurin girki, akwai mahauta Musulmi a kewayen kasuwar Ballarò da tashar jirgin ƙasa, a ƙofarsu za ka ga an rubuta halal ko macelleria islamica. Idan kuma ka ga cavallo, doki ne.

Mataki na uku: gyara agogon cikinka

Da safe ba a cin abu mai nauyi. Ana shiga bar, wanda a Italiya shagon kofi ne da kayan karin kumallo ko da yake akwai kwalabe a bayan kanta, a sha kofi a tsaye cikin minti biyu a fita. A shaguna da yawa sai ka fara biya a wurin mai kuɗi, ka kawo rasit kan kanta a ba ka. Farashin tsaye daban, na zama a tebur daban. Idan ka ce caffè za a ba ka ɗan mitsitsin kofi baƙi mai ɗaci, kurɓa biyu. Caffè corretto an zuba masa barasa, ka bar shi.

Abincin rana daga ƙarfe ɗaya ne zuwa wajen uku. Daga nan kicin ya rufe, ba za a sake kunna wuta ba sai bakwai da rabi ko takwas na dare, 'yan gari kuwa sai tara suke cika tebura. Wanda ya saba cin tuwo bayan magariba zai sha wuya in bai tanadi abin taɓawa da la'asar ba. Gidan abincin da ka tarar a buɗe ƙarfe biyar, da hotunan abinci a allo da wani a ƙofa yana yafito ka, na baƙi ne, kuɗinsa ya fi daɗinsa.

Mataki na huɗu: shiga kasuwa da hantsi

Tsofaffin kasuwannin da aka fi sani uku ne. Ballarò ita ce babba, a unguwar Albergheria, tafiyar ƙafa kaɗan daga babbar tashar jirgin ƙasa. A nan za ka ga 'yan Bangladesh da 'yan Gana da na sauran Afirka ta Yamma suna kasa kaya gefe da gefe da 'yan gari, har kuɓewa da doya za ka samu. Capo tana bayan gidan wasan Teatro Massimo, ana shigarta ta ƙofar Porta Carini. Vucciria ta yi suna a da, amma yanzu da dare take rayuwa, mashaya sun fi masu cefane yawa, ni dai ban ga abin da za ka rasa ba in ka tsallake ta. Ka fara da Ballarò wajen ƙarfe goma ko sha ɗaya. Ihun da za ka ji kada ya firgita ka, ba faɗa ba ne, talla ce da waƙa, suna kiranta abbanniata. Jakarka dai ta koma gaba, kamar yadda za ka yi a Kantin Kwari.

Abin da za ka fara nema shi ne panelle. Wannan ɗan'uwan ƙosai ne na jini. Garin waken nan da Larabawa ke kira hummus ake damawa da ruwa da gishiri a kan wuta har ya yi kauri kamar talge, a shimfiɗa shi ya huce, a yanka falle-falle a jefa a mai. Ana cusa shi cikin burodi mai riɗi, a matsa lemun tsami, shi ke nan. Sau da yawa ana haɗa shi da crocchè, curin dakakken dankalin turawa soyayye, sai ka ce "pane, panelle e crocchè". Da 'yan Yuro kaɗan ka ƙoshi. Sharaɗinsa ɗaya, a tsamo shi a gabanka. Panelle da ya huce kamar ƙosan jiya ne. Kuma ka leƙa kaskon. Mai baron da panelle da dankali kawai yake soyawa ya fi maka kwanciyar hankali a kan babban shagon da ke jefa komai da komai a mai ɗaya.

Na biyu sfincione, burodi mai kauri da laushi kamar soso, an shafe samansa da miyar tumatir da albasa mai yawa, da ɗan kifi mai gishiri, cuku da garin busasshen burodi. Masu shi na yawo da shi a 'yar mota mai ƙafa uku. Wasu na cuɗa ƙullun da man zaitun, wasu da strutto, don haka tambaya ta zama dole. Batun albasa kuwa tsoho ne a garin. Ibn Hauƙal, matafiyin nan da ya zo Palermo a ƙarni na 10 ya ba da labarin masallatai sama da 300, ya yi ƙorafi cewa mutanen garin sun cika cin ɗanyar albasa har ta taɓa musu hankali. Shekara dubu ta wuce, ba su daina ba.

Sai arancina, dunƙulen shinkafa kamar lemun zaƙi, an cusa wani abu a tsakiya, an birkiɗa a garin burodi an soya. A Palermo mace ce, arancina. A Catania, birnin da ke gabashin tsibirin, suna cewa arancino, kuma gardamar ta fi ta Kano da Zazzau kan wa ya fi iya Hausa, kada ka sa baki. Tarkon yana nan: iri biyun da aka fi sani duka suna da matsala. Ta nama, wadda suke kira accarne, niƙaƙƙen namanta sau da yawa gaurayen sa da alade ne. Ta biyun sunanta abburro, wato "mai man shanu", suna mai daɗin ji kamar babu komai, amma yankakken prosciutto ne a cikinta. Wannan ce ta fi kama baƙi. Ka nemi ta alayyafo, spinaci, ko alla Norma mai baƙin yalo da tumatir, ko ta kifi, sannan duk da haka ka ce "Ce mayale?". In ka zo ranar 13 ga Disamba, ranar Santa Lucia, za ka tarar gari ya ƙaurace wa burodi da taliya, kowa arancina yake ci.

Da yamma hayaƙi zai tashi a kusurwoyin titi, ƙamshin kamar ka iso wurin mai balangu. Stigghiola ke nan, hanjin rago ko na akuya ko na maraƙi, an naɗe shi a jikin lawashi ko an tsire shi, an gasa a garwashi, a yayyanka a barbaɗa gishiri da lemun tsami. Ga wanda ya warware batun yanka, wannan zai tuna masa gida. Amma a kan waya ɗaya ake gasa wani abu mai kama da shi, mangia e bevi, shi ma lawashi ne a naɗe, sai dai da pancetta aka naɗe shi. Suna kwance kusa da juna, maiƙon wannan na ɗiga kusa da wancan.

Akwai wanda duk ɗan gari zai matsa maka ka ɗanɗana, don shi ne abin alfaharinsu: pani ca meusa, burodi da saifa da huhun maraƙi. Za ka ji an ce naman sa ne, kuma gaskiya ne. Amma dubi babbar tukunyar nan da aka karkata gefe guda, ruwan da ke tafasa a gindinta strutto ne zalla, a ciki ake tsoma naman kafin a zuba a burodi. Haka frittola, tarkacen naman maraƙi da aka soya a kitse, wadda mai ita ke zarowa daga kwando a rufe da ƙyalle. Tsohon gidan nan Antica Focacceria San Francesco, wanda ke aiki tun 1834, ya shahara da saifar, kana iya shiga ka kalli tukunyar ka ci wani abu daban. Jerin burodi masu sheƙi da ke cikin gilashin shagunan rosticceria, wato masu kayan gashi da suya, ma ka wuce su, ƙullunsu da strutto ake yi, cikinsu kuma galibi alade.

Akwai kuma polpo, halittar teku mai hannuwa takwas, ana dafa ta a yanka a faranti da lemun tsami. Babu abin tambaya a cikinta sai ko zuciyarka za ta karɓa. Dodon koɗi ƙanana, babbaluci, ana shan su kamar tafasasshiyar gyaɗa a bikin Santa Rosalia, 14 da 15 ga Yuli.

Mataki na biyar: zama a tebur

Ka nemi trattoria, wato ƙaramin gidan abinci, a lungu, wadda takardar abincinta gajera ce kuma kake jin yaren gari daga tebura. Da ɗan gari akan ci gari, don haka ka tambayi mai masaukinka inda shi yake kai iyalinsa ranar Lahadi.

Takardar abinci a jere take: antipasto abin buɗe baki, primo taliya ko shinkafa, secondo kifi ko nama, contorno ganye ko dankali na rakiya, dolce kayan zaƙi. Ba dole ka ci duka ba. Biyu sun isa, kuma ba wanda zai harare ka. Abin da kawai za ka sani shi ne kifi ko nama shi kaɗai yake zuwa a faranti, ba shinkafa a gefe, sai in ka nemi contorno.

Ka buɗe da caponata, soyayyen baƙin yalo da zaitun da tumatir da seleri cikin miya mai tsami-tsami da zaƙi-zaƙi, ana cinta da sanyinta. Tsamin na khal ne, wato binega, wanda galibi daga inabi ake yinsa, in kana da tsanani a kan wannan ka sani. Sannan ka ci pasta con le sarde, wadda a ganina ita ce dalilin zuwa garin. Taliya ce mai kauri da ɗanyen kifin sadin, ba na gwangwani ba, da wani ganyen daji mai ƙamshi, zabibi, 'ya'yan itacen pinoli da za'afaran, a barbaɗa soyayyen garin burodi a sama maimakon cuku. Cokalin farko zai ba ka mamaki, kifi da zaƙi a baki ɗaya, na uku kuwa ka daina magana. Taliya ba baƙuwa ba ce a wannan gaɓar. Al-Idrisi, wanda ya kammala littafinsa na taswirar duniya a fadar Sarkin Sisiliya Roger na biyu a 1154, ya ambaci garin Trabia da ke gabas da Palermo, inda ake yin itriyya, wato taliya, ana loda wa jiragen ruwa zuwa ƙasashen Musulmi da na Kirista. Za ka ji taliyar da ɗan tauri a haƙori. Ba ɗanya ba ce, haka suke so, kada ka mayar.

A nan tambayar vino ta fi ta strutto muhimmanci, don masu girki sukan watsa farar giya a kaskon kifi da na kayan teku. Tunda yawanci sai ka nema ake ɗora kaskon, "senza vino" na aiki. Mafi sauƙi dai gasasshen kifi, alla griglia, da man zaitun da lemun tsami. Pesce spada, katon kifin nan mai dogon baki kamar takobi da za ka ga an kafa kansa a kasuwa, tsoka ce zalla ba ƙaya. Amma ka duba farashi da kyau. In ka ga an rubuta all'etto, kuɗin kowane giram 100 ne, ba na kifin duka ba. Ka sa a auna a faɗa maka kafin a gasa. Na san wanda ya ga lamba ƙarama ya yi murna, da takardar kuɗi ta zo sai da ya cire hula ya share gumi. In kana da yini guda na sarari, ƙauyukan bakin teku Mondello da Sferracavallo suna nan kusa, kifi ne sana'arsu. Mai kewar kuskus kuma ya nufi Trapani a yammacin tsibirin, da romon kifi suke cinsa.

Ruwa saye ake yi, naturale ko frizzante mai gas. Za ka ga coperto a takardar kuɗi, Yuro ɗaya zuwa uku a kan kowane mutum. Kuɗin zama ne da burodi, ba cuta ba ce. Ba za a kawo maka lissafi ba sai ka nema, ko da za ka kwana a wurin, sai ka ce "Il conto, per favore". Ihsani ga mai hidima ba wajibi ba ne. In an miƙo maka ɗan ƙaramin kofin gilashi kyauta bayan cin abinci, limoncello ne ko amaro, barasa ce, ka dafa ƙirji ka ce grazie, wato na gode.

Mataki na shida: kayan zaƙi

Nan ne zuciya ke karaya, don cannolo, sarkin kayan zaƙin tsibirin, ɓawonsa a al'ada da strutto da giyar Marsala ake kwaɓa shi, wasu ma a kitsen suke soya shi. Akwai masu yi da mai, amma sai ka tambaya, kuma amsar sau da yawa ba za ta yi maka daɗi ba. Cikinsa kuwa ricotta ne, cukun madarar tumaki mai laushi da sukari, ba ruwansa da komai. Cassata, kek ɗin ricotta mai koren gefe da 'ya'yan itace a sama, wasu na jiƙa ta da ruwan sukari mai barasa, sai ka ce "Ce liquore?".

Abin da za ka ci hankali kwance shi ne frutta martorana, niƙaƙƙen almon da sukari da aka siffanta kamar lemu da ɓaure da tumatir har sai ka taɓa za ka gane. Sunan ya samo asali daga gidan mata masu zaman ibada na Martorana, kuma a dandalin Piazza Bellini, cikin tsohon gidan ibada na Santa Caterina, akwai wurin da ake sayar da kayan zaƙi irin na da. Da zafi kuma sai granita, niƙaƙƙiyar ƙanƙara da lemun tsami ko almon ko kofi. 'Yan gari na cusa askirim cikin burodi mai laushi su ci a matsayin abincin rana. Askirim ɗin ka guji mai suna zuppa inglese da malaga da duk mai rum, burodin kuma ka yi masa tambayar nan taka, in ba ka gamsu ba ka ce a zuba maka a kofi, coppetta.

In lokacin salla ya riske ka a tsakiyar gari, akwai masallaci a dandalin Gran Cancelliere, tsohon coci ne da aka mayar, ga kuma ƙananan wuraren salla a kewayen Ballarò, kowane mai shago ɗan Bangladesh zai nuna maka. Daga can tafiya kaɗan ce zuwa babban cocin garin. Ka tsaya a shirayin shiga, ka duba ginshiƙin farko ta hannun hagu, akwai ayar Suratul A'araf a sassaƙe a jikin dutsen.